Dauɗar Sabulu a Wurin Wanka, da Yadda Za A Rabu da Ita

Kwanakin baya, da kaka, na sauka a gidan wani manomi ɗan ƙungiya a wani ƙauye da nakan ziyarta. Na tarar da mahaifiyarsa kwance a ɗaki, wata na biyu ke nan ba ta taka ƙasa ba. Da na tambayi abin da ya same ta, sai ya ce mini, "Malam, wanka Mama ta shiga da asuba, santsi ya kwashe ta." Ƙashin ƙugunta ya karye. Kafin a sallame su daga asibiti ya sayar da masarar da ya yi niyyar ajiyewa har bazara, matarsa kuma ta bar girbin wake domin jinya.

Abin da ya fi cin ransa shi ne, shi da kansa ya zuba siminti a makewayin, domin ya hutar da tsohuwar daga taɓo. Ya sa magini ya goge daɓen sumul har yana ƙyalli. Na roƙe shi ya nuna mini wurin. Da ido ba za ka ce akwai ƙazanta ba, gama ana share shi kullum. Amma da na zuba ruwa kaɗan na shafa da yatsa, sai na ji yauƙi kamar na miyar kuɓewa. A gefen bango kuwa, inda ya bushe, akwai wani fari-fari mai tauri kamar alli, wanda sai da farce yake fita. Wannan ita ce dauɗar sabulu.

Kada wani ya ce wannan zancen mutanen birni ne masu baho da ƙofar gilashi. Gaskiya ne a can aka fi ganinta, domin a kan gilashi ba ta da wurin ɓuya. Amma a ƙauye ma tana nan a daɓen makewayi, da cikin bokiti, da daron wankan jariri, da ɗakin wankan masaukin baƙi da na ƙaramin asibiti. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa, waɗanda suka haura shekara 60 kuma su ne suka fi yawa a ciki. Ba dukansu ba ne suka faɗi a wurin wanka, amma kowa ya san jiƙaƙƙen daɓe mai santsi ba wurin tsoho ba ne, ba kuma na mace mai ciki ba.

Ba laifin sabulu kaɗai ba ne

Sabulu dai mai ne da aka dafa da ruwan toka ko da soda. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin zuwan sabulun kanti. Wani masani Bafaranshe, Michel Chevreul, shi ne ya bayyana a shekarar 1823 abin da ke faruwa a cikin tukunyar, watau yadda mai yake rabuwa ya haɗu da soda ya zama wani abu sabo. Kowace ƙwayar sabulu, wadda ido ba ya iya gani, tana da kai biyu. Ɗaya yana kama maiƙo, ɗayan yana kama ruwa. Ta haka ne sabulu ke ɗauke maiƙon jiki ya miƙa wa ruwa, ruwa ya tafi da shi.

Matsalar tana cikin ruwan. Sa'ad da ruwan sama ya nutse cikin ƙasa, yakan narkar da ɗan abin da ya tarar a hanya. In ya bi ta cikin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi, sai ya ɗauko sinadarai biyu, kalsiyam da magnesiyam. Irin wannan dutse yana nan da yawa a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a Jihar Gombe, da Malbaza a Jamhuriyar Nijar, shi ya sa aka kafa masana'antun siminti a wuraren. Inda ƙasa take kan dutse mai tauri wanda ba ya narkewa da sauƙi, kamar duwatsun Filato, galibi ruwan bai cika ɗaukar waɗannan abubuwa ba. Duk da haka rijiya biyu a gari ɗaya sukan bambanta, musamman in ɗaya burtsatse ce mai zurfi, ɗaya kuwa ta haƙa da hannu.

Ruwan da ya ɗauki kalsiyam da yawa shi ne za mu kira ruwa mai nauyi a wannan rubutu. Waɗansu sukan ce masa ruwan zartsi, ko da yake ba lalle su zama abu ɗaya ba, gama ruwa yana iya yin daɗi a baki amma ya ƙi kumfa. Shansa ba ya cutarwa don nauyin kaɗai. Sai dai in ya gamu da sabulu, kalsiyam ɗin yakan cafke kan nan mai kama ruwa, ya ɗaure ƙwayar sabulu biyu wuri ɗaya. Abin da ya fito daga wannan haɗi ba ya narkewa a ruwa kuma. Duk macen da ta taɓa yin awara ta ga irinsa: ana zuba ruwan tsami a madarar waken soya sai ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji. Haka sabulu yake tsinkewa a ruwa mai nauyi. Gudajin ne kuke gani suna yawo a kan ruwan wanki, su ne kuma ke manne wa bango da daɓe. Yau a yi wanka su kwanta, su bushe. Gobe waɗansu su hau kansu, tare da maiƙon jiki, da man shafawa, da ƙurar hunturu. Bayan wata uku abin ya zama ɓawo. Funfuna da gansakuka kuma sun sami abinci da wurin zama.

Akwai hasarar kuɗi a nan wadda ba a lura da ita. Masana sukan auna nauyin ruwa da miligiram a kowace lita. Ƙasa da 60 ruwa ne mai sauƙi, daga 121 zuwa 180 mai nauyi ne, sama da 180 kuwa mai nauyi ƙwarai. Bari mu ɗauki rijiya mai 200. Jarka ɗaya ta lita 20 tana ɗauke da giram 4 ke nan na wannan alli. Kowane giram ɗaya kuwa yana iya kashe sabulu wajen giram 6. Watau kafin ruwan jarkar nan ya yarda ya yi kumfa duka, sai ya cinye sabulu wajen giram 24 a banza. Gidan da ke wanki da jarka ɗaya kowace rana da sabulun sanda zai yi hasarar fiye da giram 700 a wata. Uwargida ba ɓarna take yi ba, maigida, rijiyar ce take ci.

Gwajin kwalba

Ba sai an kai ruwa ɗakin gwaji ba kafin a sani. Wani malamin jami'a a Abadin ta ƙasar Sikotilan, Thomas Clark, ya fito da hanyar auna nauyin ruwa da sabulu a shekarar 1841, kuma kowa yana iya yin mai sauƙinta a gida. A sami kwalabe biyu masu haske, girmansu ɗaya, masu murfi. A zuba ruwan sama a ɗaya, ruwan rijiya a ɗaya, kowace zuwa sulusinta. A kankare sabulun sanda kaɗan a narkar da shi cikin ruwan sama a kofi. Sai a riƙa ɗiga shi a kwalaben daidai wa daida, ana rufewa ana girgizawa. Ruwan sama zai yi kumfa nan da nan, ƙasansa kuma ya zauna garau. In na rijiya ya yi fari kamar an zuba nono, kumfar kuma ta mutu da wuri, to, ruwan mai nauyi ne. A ƙidaya ɗigo nawa ya ci kafin kumfarsa ta tsaya. Kada a yi gwajin da Omo ko irinsa, gama su ba sabulu ba ne na ainihi. An fara yin irinsu a Jamus a shekarar 1916, lokacin da yaƙi ya jawo ƙarancin mai, kuma kalsiyam ba ya tsinka su kamar yadda yake tsinka sabulu.

Ina so ƙungiyoyin mata masu yin sabulu su riƙe wannan gwaji da kyau. Na ga inda aka mayar wa mata da sabulunsu daga wata kasuwa, aka ce ba ya kumfa, har suka fara zargin junansu da rage soda. Sabulun lafiyarsa lau, ruwan garin ne mai nauyi. In za ku sayar a irin wannan wuri, ku ƙara man alayyadi ko man kwakwa cikin haɗinku, domin sabulunsu ya fi jure wa ruwa mai nauyi fiye da na kitse ko na man kaɗanya zalla. Ku kuma auna mai da soda da ma'auni. Sabulun da mai ya yi masa yawa yakan bar dauɗa fiye da kima.

Tayil, baho da gilashi

To, yaya za a cire ta? Tun da kalsiyam ne ya ɗaure ta, maganinta abu mai tsami. Tsami yakan janye kalsiyam, ɓawon ya saki. Muna da uku a hannu: ruwan khal fari na kanti, wanda asid ɗinsa wajen kashi 5 cikin 100 ne, da lemun tsami, da tsamiya. Amma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. In tsami ya janye kalsiyam, abin da ya saura maiƙo ne, tsami kuwa ba ya wanke maiƙo. Shi ya sa wani zai goga lemun tsami ya ɗauraye, ya ga wurin yana nan da danƙo, ya ce maganin ƙarya ne. Aikin hawa biyu ne: tsami ya kwance, sabulun ruwa na wanke kwanuka ko Omo ya kwashe.

Ga yadda nake yi a kan tayil. Ina fara watsa ruwan ɗumi domin dauɗar ta yi laushi. Sa'an nan in haɗa kofi ɗaya na ruwan khal da kofi ɗaya na ruwan ɗumi, in ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka kamar cokalin shayi ɗaya. In shafa da soso daga sama zuwa ƙasa, in bar shi minti 10 zuwa 15. Wannan jira shi ne rabin aikin, shi ne kuma abin da ba mu da haƙurinsa. Kada a bari ya bushe. A bango mai tsaye, inda ruwa ke gangarewa, a jiƙa tsumma a manna a kai. Bayan haka a goge da soso, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a tsane da busasshen tsumma. In ɓawon ya yi shekara, sau ɗaya ba zai isa ba, a maimaita gobe. Layin da ke tsakanin tayil da tayil siminti ne, saboda haka kada tsami ya daɗe a kansa, a kuma ɗauraye shi sosai.

Wanda ba shi da ruwan khal ya raba lemun tsami biyu ya goga kai tsaye, ko ya matse guda biyar ko shida a kofin ruwa. Tsamiya ma tana aiki: a jiƙa ta a ruwan zafi ta yi kauri, a tace. Ita dai tana da zaƙi da launi, in ba a ɗauraye sosai ba za ta kira kiyashi, tana kuma iya rina farin layin tayil. In garin Omo ne kawai a gidan, kada a zuba shi cikin ruwan tsamin, gama zai kashe tsamin. A yi tsami tukuna, a ɗauraye, kāna a bi da Omo.

Haka nan zancen haɗa ruwan khal da sodar yin burodi, wanda ake yawan yaɗawa yanzu. Suna haɗuwa sai su yi ta tafasa, mai kallo ya ɗauka aiki ake yi. Ba aiki ba ne, kashe juna suke yi, abin da ya rage bai fi ruwan gishiri ƙarfi ba. Sodar burodi tana da amfaninta ita kaɗai: a dama ta da ruwa kaɗan ta yi kamar kunu mai kauri, a goge wurin da ya ƙi fita, gama tana kankara a hankali ba tare da ta yi zane ba. Tokar murhu da aka tankaɗe da rariya mai laushi tana yin kusan wannan aiki.

Baho iri biyu ne. Akwai na ƙarfe mai farin rufi mai ƙyalli, irin rufin kwanonin nan na da da ake jere da su, akwai kuma na roba mai tauri. Dukansu biyu abokin gabansu yashi ne da soson ƙarfe. Mun saba wanke tukunya da yashi, hannu kuma yakan tafi can da kansa. Amma kowane zane da yashi ya yi rami ne da dauɗar gobe za ta shiga ta zauna, har wurin ya fi dā saurin ƙazanta. Wannan ya shafi bokitin roba da daron wankan yara. Zoben nan da ke fitowa daidai inda ruwa ya tsaya, a jiƙa shi da ruwan tsami minti 10, a goge da soso mai laushi, shi ke nan. A kan baho mai farin rufi kada tsami ya kwana, yana dusashe ƙyallin. Bokitin ƙarfe mai ruwan kwano kuwa, tsami yana cin rufin da ke hana shi tsatsa, sai a yi masa da toka da Omo. Tukunya ko daron alminiyam kuma ba sa shiri da kanwa ko soda, suna baƙanta su, soda mai ƙarfi ma tana cinye su.

Ƙofar gilashi ita ce ta fi tona asiri, ita ce kuma ta fi sauƙin magani in an kama ta da wuri. Haɗin nan na ruwan khal ya isa. Masu kula da masaukin baƙi su lura da abu guda: in aka bar ɗigon ruwa mai nauyi yana bushewa a kan gilashi shekara da shekaru, yakan ci fuskar gilashin kanta. In ya kai haka, ko me aka shafa hazon ba zai fita ba, gama ba dauɗa ba ce kuma, rauni ne. Maganin shi ne a share ruwan bayan kowane wanka. Ana sayar da abin share gilashi mai bakin roba, amma tsohuwar robar share gilashin mota tana yi, ko gefen tsohon silifa da aka yanke ya miƙe. Minti ɗaya ne. Kwarin da ƙofar ke gudu a ciki, a bi shi da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye da wuri domin yawanci alminiyam ne. Kan shawa da ramukansa suka toshe, a zuba ruwan khal a leda, a cusa kan a ciki a ɗaure, bayan awa ɗaya a kwance a buɗe ruwa.

Daɓen siminti dabam ne

Yanzu mu zo ga abin da yawancinmu muke da shi. Duk abin da na faɗa a kan tsami, kada a kai shi kan daɓen siminti. Siminti ɗan dutsen farar ƙasa ne, cike yake da kalsiyam, tsami kuwa ba ya bambanta kalsiyam na dauɗa da na daɓe. Sau ɗaya ba zai nuna ba, amma in aka mai da shi al'ada fuskar daɓen za ta fara zubar da yashi, ta yi ramuka, ruwa ya riƙa kwanciya. Haka yake ga marmara da tarazo. In kana shakkar abin da aka yi wurin da shi, ɗiga lemun tsami a wani lungu ka duba. In ya yi ƙananan kumfa yana tsuwa, tsami ba na wurin ba ne.

A kan siminti sai ruwan zafi, da toka, da buroshi mai tauri, da ƙarfin hannu. A watsa ruwan zafi, a barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka da ɗan Omo, a bar su kwata ɗaya na awa, sa'an nan a dirje. Guntuwar tsintsiyar kwakwa da ta cinye ta fi sabuwa aiki. Inda ɓawon ya yi kauri a gefen bango, a kankare shi da guntun katako ko bakin tsohon cokali tun yana jiƙe. A ɗauraye har sai tafin ƙafa ya ji kaushin daɓen. Ƙafa ce ma'auni a nan, ba ido ba. Sau ɗaya a mako ya isa in ana yi a kai a kai. Toka tana cin hannu in an daɗe, mai tsagewar fata ya sa safar roba ko ya ɗaura leda.

Wanda bai riga ya zuba daɓe ba, ko mai shirin sākewa, ya gaya wa magini abu biyu. Na fari, kada ya goge shi sumul da cokalin ƙarfe kamar daɓen ɗaki. Ya bi shi da katako, ko ya ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye, ya bar shi da kaushi. Maginin zai ce ba kyau, ka ce masa ka ji. Na biyu, ya ba shi gangara wajen santimita 2 a kowace mita zuwa bakin rariya, domin ruwan sabulu ya fita kafin ya kwanta. A kafa ƙarfe ko sanda mai ƙarfi a bango inda tsoho zai dafa, a ajiye masa kujera 'yar tsugune wadda ba ta zamewa. Makewayin da rana da iska ke shiga yakan bushe da wuri, gansakuka ba ta samun zama. Wanda aka rufe ruf, sai a yi masa taga a sama.

Haɗin da ke kisa

A nan ina roƙo a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman 'yan mata da yaran da ake sa wa wankin banɗaki. Ruwan bilic, irin su Jik da Hypo, ba ya narkar da dauɗar sabulu. Fari kawai yake sa ta, tana nan inda take. Amfaninsa kashe funfuna da gansakuka da ƙwayoyin cuta, bayan an riga an cire dauɗar. Kada a taɓa haɗa shi da wani abu mai tsami, ko ruwan khal, ko lemun tsami, ko tsamiya, ko maganin wanke masai, gama yawancin masu ƙarfinsu asid ne. Haɗin yana fitar da iskar kulorin, ita ce gubar da aka saki a kan sojoji a Ipir ta ƙasar Beljiyam ran 22 ga Afrilu, 1915. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi wajen sau biyu da rabi, saboda haka ƙasa take kwanciya, daidai inda mai dirzar daɓe ya sunkuyar da fuskarsa. Ba sai an haɗa su a bokiti ɗaya ba. In aka zuba ɗaya a daɓe, aka bi da ɗayan ba a ɗauraye ba, an haɗa ke nan. Ni dai shawarata, ranar tsami dabam, ranar bilic dabam. Inda ake fitsari a wurin wanka kuma, a kora ruwa da yawa kafin a zuba bilic, domin tsohon fitsari ma yana tayar da iska mai cutarwa in sun gamu.

Wanda ya ji ido yana yaji, maƙogwaro yana ƙuna, tari ya kama shi, ya fita nan take zuwa sarari, kada ya tsaya ɗauraye wurin. In numfashi ya yi masa wuya a kai shi asibiti ba jinkiri. Ruwan batir, wanda na ji waɗansu suna wanke tayil da shi, ba shi da wuri a gida ko kaɗan: yana ƙona fata, yana makantarwa, yana cinye layin tayil da bututu. Mu manoma kuma muna da namu jarabar, watau dama haɗi a tsohuwar robar maganin ƙwari, ko fesa shi da injin feshin gona. Kada a yi. Kada kuma a ajiye bilic a kwalbar lemo inda yaro zai gani.

Rage ta tun daga tushe

In rijiyarku mai nauyi ce, hanya mafi arha ita ce tara ruwan sama da damina. A bar ruwan farko ya wanke rufin, sa'an nan a tara a duro, a rufe saboda sauro. Za ku ga sabulu ya daɗe. Tafasa ruwa yana rage wani sashe na nauyin, shi ne farin ɓawon da kuke gani a gindin buta, amma itacen da za a ƙona ya fi sabulun tsada. Domin wanki, kanwa tana taimako: a daka ta, a zuba cokali ɗaya ko biyu a bokitin ruwa, a motsa, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama. Kanwa takan kama kalsiyam ta kai shi ƙasa kafin ya gamu da sabulu. Tun da ƙarfin kanwa ya bambanta, a gwada da kwalba a ga ko ta isa. Tataccen ruwan toka ma yana yin haka. Wannan na wanki ne kaɗai, ba na wanka ba, balle wankan jariri, domin yana busar da fata yana kuma yi wa ido zafi. Masu ƙofar gilashi da tayil kuwa, in suka koma sabulun wanka na ruwa, wanda yawancinsa dangin Omo ne, za su ga dauɗar ta ragu ƙwarai.

Saura inda ruwan zai tafi. Da yawanmu mun dasa ayaba ko gwanda a bakin rariyar makewayi, abu ne mai kyau kuwa, ruwan wanka na kullum ba ya cutar da su. Amma ruwan ranar babban wanki dabam ne. Bilic yana ƙona saiwa, kanwa da Omo kuma suna ɗauke da sodiyam, wanda in ya taru yakan sa ƙasa ta dunƙule ta ƙi shan ruwa, kamar yadda kuke gani a fako. Toka ta fi sauƙi a kan ƙasa, wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son ta. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, a juya ruwan ranar wanki can. Ramin ya yi nisa da rijiya aƙalla mita 30, kamar yadda ake yi wa masai, ya kuma kasance a gangaren da ke ƙasa da ita.

Manomin nan da na ambata, da muka gama duba makewayinsa, bai fasa daɓen ba. Ya sa an sassare fuskarsa da kurfi, aka zuba sabon siminti mai kaushi a kai, aka kafa bututun ƙarfe a bango. Da na koma bayan Kirsimeti na tarar Mama ta fara takawa da sanda, jikanta kuma shi aka ba aikin toka da buroshi kowace Asabar.